Harsuna uku a kan allunan Hawai: wanne ne yake aikin gaske?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Na yi mako biyu a Honolulu, babban birnin jihar Hawai ta Amurka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutun da ke kan allunan tituna da shaguna. A ƙofofin banɗaki an rubuta Kāne da Wahine, wato namiji da mace. A jikin kwandunan shara akwai kalmar Mahalo, wadda na ɗauka sunan shara ce kafin a bayyana mini cewa godiya take nufi. A shingen gonaki kuma nakan ga Kapu, ma'ana an hana shiga. Amma duk allon da ya shafi tara ko dokar ajiye mota ko gargaɗin igiyar ruwa, da Turanci zalla na gan shi. Sai kuma wani salo na uku a shagunan abinci, irin su "broke da mouth", wanda ba Turancin makaranta ba ne, ba kuma harshen Hawai ba. Malamai, shin harshen Hawai harshen hukuma ne da gaske, ko ado kawai ake yi da shi domin baƙi? Wannan na ukun kuma mene ne matsayinsa?

Malamar Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam. Harshen hukuma ne, domin gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulkin jihar a 1978 ya ajiye shi tare da Turanci. Sai dai sashen ya zo da sharaɗi: ba a wajabta amfani da shi a harkokin gwamnati ba sai inda wata doka ta ce a yi. Wannan sharaɗin ne ka gani da idonka a kan titi, inda aka bar wa harshen Hawai suna da gaisuwa, Turanci kuma ya riƙe umarni.

Ba za a fahimci wannan rabo ba sai an koma baya. A ƙarni na 19 harshen Hawai ne harshen fada da kotu da makaranta, kuma tun daga 1834 ake buga jaridu da shi. Bayan an kifar da Sarauniya Liliʻuokalani a 1893, dokar 1896 ta mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu, aka riƙa horon yaran da suka yi magana da harshen iyayensu, har ta kai ga masu jin sa tun daga tsumman goyo suka koma tsofaffi da mutanen tsibirin Niʻihau. Farfaɗowar ta zo ne ta hannun iyaye da malamai: an buɗe makarantar yara ta Pūnana Leo ta farko a 1984, sannan a 1987 aka fara koyarwa da harshen a wasu makarantun gwamnati. Ni dai a ganina, harshen da aka fitar daga aji na kusan shekara 90 ba zai koma kan allon gargaɗi a dare ɗaya ba, tunda mafi yawan masu karanta allon ba sa jin sa. Duk da haka ina tare da kai cewa a unguwar Waikīkī, inda otal-otal suka yi yawa, ana liƙa gaisuwar Aloha da E komo mai (barka da zuwa) ne domin jawo masu yawon buɗe ido, kamar yadda ake rubuta farashi da Japananci domin masu saye daga Japan.

Tsohon Tafinta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda a kira abin ado ba, ko da a Waikīkī. Akwai kalmomin da suka zama kayan aikin yau da kullum ga kowa, ko ɗan asalin ƙasar ne ko jikan baƙi. Idan ana kwatancen hanya a tsibirin Oʻahu ba a cika cewa arewa ko kudu ba, sai a ce mauka, wajen dutse, ko makai, wajen teku. Idan allo ya ce "Please kōkua", roƙo yake yi a taimaka, kuma kowa ya san abin da ake so ya yi. Allon da ke ɗauke da keiki kuwa, iyaye sun san na yara ne. Kalmar da mutum yake bi ya isa gida ko ya kare ɗansa ta wuce matsayin kwalliya.

Inda nake ganin gwagwarmayar ta fi zafi shi ne wajen rubutun kansa. Harshen yana da haruffa 13 kacal, wasula biyar da baƙaƙe takwas, kuma ɗaya daga cikin baƙaƙen shi ne ʻokina, wanda yake aiki irin na hamza. Akwai kuma kahakō, ɗan layin da ake ja a kan wasali domin a tsawaita shi, kamar madda. Tsofaffin alluna sun zubar da su duka biyun, kuma rashin su ba ƙaramin lahani ba ne: kou na nufin naka, koʻu na nufin nawa, lānai baranda ce, Lānaʻi kuma tsibiri ne. Mu da muka san yadda "ƙasa" take komawa "kasa" idan an cire mata lanƙwasa bai kamata mu raina wannan ba. Saboda haka nake jin daɗin ganin sababbin allunan tituna suna rubuta Kalākaua da Kapiʻolani da cikakkun alamominsu, da kuma yadda tashoshin jirgin ƙasa na Skyline, wanda ya fara aiki a 2023, suka sami sunaye irin su Hālawa da Kualakaʻi. Yaron da ya tashi yana ganin sunan unguwarsu a rubuce daidai, zai furta shi daidai.

Ɗalibar Harsuna:

Malam Mai Neman Sani, bari in amsa ɓangare na biyu, wanda aka tsallake. Mutanen wurin suna kiran wannan salo na uku Pidgin, amma masana sun tabbatar cewa ya daɗe da zama harshen uwa ga jama'a masu yawa, yana da nahawunsa. Ya samo asali ne a gonakin rake, inda leburori daga Sin da Fotugal da Japan da Koriya da Filifin suka haɗu da 'yan ƙasa da masu gona masu jin Turanci, 'ya'yansu kuma suka tashi da shi a baki. Ba shi da matsayi a kundin tsarin mulki. A 1987 hukumar ilimi ta jihar ta nemi ta kore shi daga aji, sai jama'a suka tashi tsaye har ta sassauta, kuma sai a 2015 hukumar ƙidayar Amurka ta lissafa shi a cikin harsunan da ake magana da su a gidajen Hawai.

Shi ya sa ba ka gan shi a allon gwamnati ba, sai a allon da mai shago ya rubuta da hannunsa, ko a jikin riga, ko a bayan mota. "Broke da mouth" yabo ne ga abinci mai daɗi ƙwarai, kuma mai rubuta shi yana sanar da maƙwabta cewa shagon nasu ne. Abin da yake damuna shi ne, harshen da aka daɗe ana ce wa yara gurɓataccen Turanci ne, yanzu manyan kamfanoni suna aron sa a talla domin su nuna su ma 'yan gida ne, alhali matashin da ya yi magana da shi a wajen neman aiki yana iya fuskantar raini.

Mai Neman Sani:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba Tafinta, na koma kan hotunan da na ɗauka, kuma na sami titi guda da alluna biyu, tsohon babu alamomi, sabon kuma yana da su. Malama Ɗaliba, saura tambaya ɗaya: na lura wani shago ya rubuta "mouth", wani kuma "mout". Akwai ƙa'idar rubutu da aka amince da ita?

Ɗalibar Harsuna:

Akwai tsarin da masana suke amfani da shi, ana kiran sa tsarin Odo, wanda yake bin furuci sau da ƙafa, amma bai fita daga littattafan nazari ya shiga kasuwa ba. Masu shaguna da yawancin marubuta suna lanƙwasa rubutun Turanci ne gwargwadon yadda kunnensu ya ji, saboda haka "mouth" da "mout" duka za ka ci gaba da ganin su a titi ɗaya.