Ruwan zinariyata ya koma shuɗi, ina neman shawara

Hadiza: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, ina bincike kan yadda ƙananan ƙwayoyin zinariya ke jera kansu a cikin ruwa. Sinadarin zinariyar kuwa, yayana ne ya sayo mini da kuɗin da yake tarawa na aurensa, kuma abin da ya rage bai wuce na gwaji biyu ba. Na bi hanyar haɗa ƙwayoyin zinariya ta masani Turkevich ta 1951, na tafasa ruwan sinadarin, na zuba sitirat (wani sinadari dangin tsamin lemo), ya fito ja kamar zoɓo. Bayan kwana uku na ƙara gishiri domin ƙwayoyin su matso su jeru, sai ya koma shuɗi, yau kuma baƙin gari ya kwanta a gindin kwalbar. Yaya zan yi?

Malam Isufu: Ƙanwata, wannan dunƙulewa ce, ba jeruwa ba. Sitirat ne ke lulluɓe ƙwayoyin da cajin lantarki iri ɗaya har suke tunkuɗe juna, kuma muddin suna warwatse suna shan koren haske, mai tsawon zango wajen nanomita 520, shi ya sa kika ga ja. Gishirinki ya danne cajin, suka manne, kuma wanda ya kwanta ba ya komawa. Idan jeruwa ake so, masani Mirkin da abokan aikinsa a 1996 zaren DNA, wato sinadarin gadon halitta, suka ɗaura wa ƙwayoyin kafin su haɗu bisa tsari. Ki sake sabo.

Sani: Ni zafi nake zargi. Bara wuta ta ɗauke kwana biyu, firijin ɗakin gwajinmu ya mutu, aikina na wata huɗu ya lalace, babu wanda ya ce mini sannu. Kada ki zubar, Malama, ki girgiza shi tukuna.

Hadiza: Na gode, amma malamina ne ya ce in sa gishiri, kuma ɗan kaɗan na sa. Kwalbar ma ba ta taɓa barin firiji ba.

Malam Isufu: Kaɗan nawa ne a awo? Da wane ruwa kika yi aikin, kuma da me kika wanke kwalaben? Idan ma ruwan ya daskare a firijin, hakan kaɗai ya isa ya dunƙule su.

Hadiza: Tataccen ruwa ne, Malam. Ni dai ban yarda gishirin ne ba, domin digo biyun farko bai canza launi ba.