Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira “free play” na hannun kuloci?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a, agaji nake nema. An ba ni aikin mayar da wani ɗan darasi zuwa Hausa, kan gyare-gyaren da mai babur zai iya yi da hannunsa a gida: juyen baƙin mai, wanke fulogi, duba iskar taya, gyaran sarƙa. Ranar Alhamis da safe za a naɗi murya. Duk na wuce sauran, inda ta cije mini shi ne “free play”. Idan ka taɓa hannun kuloci, akwai ɗan motsin da yake yi a banza kafin ka ji waya ta fara ja. A yawancin ƙananan babura milimita 10 zuwa 20 ne, idan an auna a bakin hannun. Totur ma yana da nasa, wajen milimita 2 zuwa 6, sarƙa kuma ana barin ta tana hawa da sauka kamar milimita 20 zuwa 30. Na rubuta “sako-sako”, na karanta wa ƙanena, sai ya ce, “To ai sai a ɗaure.” Nan take na goge. Kalmar da nake so ita ce wadda mai sauraro zai ji ya gane da gangan aka bar wurin haka, kada ya tashi gyara abin da bai lalace ba.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam, Malama. Mu dai wasa muke cewa. “Bar masa ɗan wasa.” Tun ina yaron shago haka na ji ogana yana faɗa.

Ƙaramin Kowa: Ki rubuta firi file kawai, Anti, a wuce wurin. Kowa zai gane.

Tsohon Bakanike: Kai yaro, ba kowa ba. Firi a bakin mai babur giyar da ba ta ja ce, wadda koren fitila ke kamawa. Ka ce wa mutum ya duba firin kulocinsa, ƙafa zai kai wa giya, ba zai kalli hannunsa ba.

Mai Fassara: Na gode Baba. Na yi tunanin wasa, amma ga damuwata: a darasin akwai wurin da ake cewa a ɗaga tayar gaba a girgiza, in an ji motsi to boris ya ci. Can ma ai “tana wasa” kuke cewa, ko ba haka ba? Kalma ɗaya ke nan, wani wuri lafiya, wani wuri cuta.

Tsohon Bakanike: Gaskiyarki. A gareji hannu ne ke bambanta su, ina nuna wa yaro da yatsa. Wanda ke jin murya kaɗai ba shi da yatsan da zai kalla.

Uwar Biyu: Rata fa? Ratar kuloci. Gajeriya, ba ta da nauyi a baki.

Mai Fassara: Rata na riga na kashe ta a kan fulogi, Yaya. Tsakanin ƙarafunan nan biyu da wuta ke tsallakawa, inda aka ce milimita 0.6 zuwa 0.7, “ratar fulogi” na sa, kuma ta zauna daram. Rata wuri ne a tsaye tsakanin abu biyu. Wannan kuwa motsi ne.

Malamin Nahawu: Kun yi ta kewaye, alhali kalmar tana nan tun kafin a ƙera babur. Talala. Makiyayi ya ɗaure akuya da doguwar igiya, tana kiwo tana kai da kawo, igiya a kwance, sai ta kai ƙarshe sannan ta ji an riƙe ta. Me ya raba wannan da abin da Malama ta kwatanta? Hannu yana tafiya, waya a kwance, sai ya kai wani wuri sannan ta miƙe ta fara ja. Kuma babban abin da take nema yana ciki: ba wanda ke yin talala bisa kuskure. Mai dabba ne ya ga dama ya saki igiyar, kuma shi ya san iyakar da ya sa. Talalar kuloci, talalar totur, talalar birki, talalar sarƙa. An gama.

Uwar Biyu: Kai, Allah ya gafarta Malam, wannan ta yi daɗi.

Ƙaramin Kowa: Ni da na ji talala, ɗan siyasar da aka hana fita daga gida nake gani. Ɗaurin talala. Za a ce an kama kuloci ne?

Malamin Nahawu: Wannan ai shaida ce a gare ni, ba a kaina ba. Daga akuyar aka ɗauko ta aka kai wa ɗan siyasa, ta zauna. Kalmar da ta yi tafiya sau ɗaya za ta iya yi sau biyu. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ya tsaya mini a wuya tun farkon maganar. Kuloci, fulogi, totur, boris, giya. Malama, wannan fassara ce ko Turanci aka sa wa hula? Fulogi ai ƙyastu ne, abin da ake ƙyastawa wuta ta tashi. Ƙyastun inji. Kuloci kuwa mahaɗi ne, tunda shi ke haɗa ƙarfin inji da taya ya kuma raba su. Hatta “wasa” da Bakanike ke taƙama da ita, fassarar “play” ce kai tsaye. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tsohon Bakanike: Allah ya gafarta Malam, da girmanka. Ka je wurin mai sayar da kayan gyara ka ce ya ba ka ƙyastu, in ya miƙo maka fulogi ni zan biya. Shekaruna da sifana a hannu sun fi na wasu a duniya, ban taɓa jin na ari kalma ba. Ogana bai san ko bihim da Turanci ba, wasa yake cewa.

Na Ƙetare: A wajenmu da aron ya biyo ta Faransanci, buji muke ce wa fulogi, juyen mai kuma bidanji. Faransawa ma “jeu” suke cewa ga irin wannan motsi, ma'anarta wasa, na kuloci kuma suna ce masa “garde”. Abin da ke ba ni haushi, duk darasin da aka naɗa da Hausa sai a cika shi da aron Turanci kamar shi kaɗai ne Hausa, mu kuma mu yi ta lalube. In za a sa talala ni ina so, don ita dai tamu ce duka.

Ƙaramin Kowa: To Yaya, ku ma ai buji ba kakanninku suka bar muku ba.

Na Ƙetare: Ban ce su suka bar mana ba. Cewa na yi kada wanda ya ari riga ya yi wa wanda ya ari wando dariya.

Uwar Biyu: Malam, tambaya ɗaya. Kai da kanka ka rubuta “babur” da “inji” da “taya” a bayaninka. Babur daga Larabci ta shigo, su ma Larabawa daga Turawa suka karɓe ta, sunan jirgin ruwa mai tururi. Inji da taya kuwa ba sai an faɗa ba. Su wa ya yafe musu?

Malamin Nahawu: Hajiya, akwai baƙon da ya kwana biyu, akwai wanda ya yi jikoki a gida. Babur ya yi jikoki. Ban ce a kore shi ba. Abin da na ƙi shi ne lalaci, a ga kalma tana kwance a ɗaka a tsallake ta a tafi maƙwabta roƙo. Mu da muka karanci harshen nan mun san abin da ake asara.

Tsohon Bakanike: To mu da ba mu karanta ba, a cikinsa muke cin abinci.

Mai Fassara: Don Allah iyayena, a yi haƙuri. Alhamis jibi ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fulogi da kuloci suna nan yadda suke, don wanda zai saurara da su zai je sayen kaya. Mu koma kan talala. Baba, a aikace ta dace?

Tsohon Bakanike: Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki, sai ku auna da kanku. Kuloci faya-faye ne a jere cikin baƙin mai, sifirin na matse su. Ka ja hannu, waya ta ja, su saki juna, inji ya rabu da taya. In ka ɗaure wayar tam ba ka bar komai ba, to ko hannunka ba ya kai tana ɗan ja, faya-fayen ba sa kama juna sosai. Sai ka murɗa totur a hawa, inji ya yi ta kuka, babur yana tafiyar hawainiya. Kwana kaɗan sun ƙone, ka buɗe ka ga sun yi baƙi suna wari. An taɓa kawo mini wani haka, mai shi da kansa ya ɗaure don ya ji hannun yana ɗan lilo, ya zaci kwancewa ya yi. In kuma ka sake ta da yawa, kuloci ba ya rabuwa duka: giya ta riƙa shiga da ƙara, firi ya yi wuyar samu, ka tsaya da hannu a matse babur yana jan ka gaba. Gyaran ba wuya. A gindin hannun akwai abin murɗawa da notin da ke kulle shi. Ka sassauta notin, ka murɗa har ka sami abin da littafin babur ɗinka ya ce, ka mayar ka kulle. In na sama ya ƙare, akwai wani a ƙasa wajen inji. Ka gama, ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka tabbata wayar ba ta ɗaurewa a wani gefe. To a nan, ban ƙi talalar Malam ba. Waya ce, igiya ce, ana saki ana ja. Amma a sarƙa ban yarda ba.

Malamin Nahawu: Dalili?

Tsohon Bakanike: Sarƙa ba a sake mata don ta yi tafiya kafin ta ja. Ana bar mata ne don idan mutum ya hau, ko taya ta faɗa rami, shokazoba ya nutse, nisan da ke tsakanin faifan haƙora na gaba da na baya yana ƙaruwa, sarƙa ta miƙe. In da ma a ɗaure take tam, boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifan ne zai sha wahala, ita ma ta ci haƙoran. Awonta ma daban: a tsakiyar ta ƙasa kake sa yatsa ka ɗaga ka sauke, kuma sai ka juya taya ka nemo inda ta fi ɗaurewa, don tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. A wurin nan kake aunawa. Wannan sassauci ne, ba wata akuya a ciki.

Na Ƙetare: Kafin a wuce, Malama, in darasinku ya taɓo zamewar kuloci, ki sa musu maganar mai. Ba kullum waya ce ke jawo shi ba. Wasu mayukan mota akwai sinadarin rage gogayya a ciki, kuma tunda kulocin babur a cikin man yake wanka, sai ya riƙa sulɓewa. A duba jikin galan a ga JASO MA ko MA2, ma'aunin Japan ne na man babur.

Mai Fassara: Yana ciki, Yaya, a sashen juye. Na gode.

Malamin Nahawu: Raba kalma biyu ga abu ɗaya rauni ne. Bature da kalma ɗaya ya wadatu.

Uwar Biyu: A'a Malam, shi ma biyu gare shi. Na sarƙa “slack” yake cewa. Kuma ɗazu kai ne ke cewa kada mu bi shi.

Ƙaramin Kowa: Hajiya ta kama Malam da hannu a cikin tukunya.

Malamin Nahawu: Yaro, ka iya bakinka.

Mai Fassara: Ga yadda na rubuta, ku duba mini: “Ka taɓa hannun kuloci da yatsa ɗaya. Zai ɗan tafi kafin ka ji waya ta kama. Wannan ’yar talala da gangan aka bar ta, wadda makanikai ke kira wasan kuloci. Ka auna a bakin hannun, kada ta gaza milimita 10, kada ta wuce 20, sai in littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu daban.” Daga nan zan ci gaba da talala a kuloci da totur da birki. Sarƙa, sassauci. Fulogi, rata. Boris da ya ci kuma na sa “girgiɗi”, don kada ya haɗu da wasa.

Tsohon Bakanike: Girgiɗi ta yi, kamar haƙorin da zai fita. Talala kuma ba zan hana ki ba, amma ni a bakina wasa ne har in mutu.

Malamin Nahawu: Kin sa mata “’yar” kin ƙasƙantar da ita, kin kuma jingina ta da wasa kamar ba za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba. Na karɓa a haka tunda lokaci ya ƙure. Maganar ƙyastu ban janye ba.

Mai Fassara: An naɗa yau da safe. Mai karantawa ya tsaya a kan talala, ya yi dariya, ya ce a sake ɗauka, karo na biyu ya wuce lafiya. Sai dai a sashen birki bakinsa ya kufce ya ce “wasan birki”, ba mu lura ba sai da aka gama haɗawa, haka zai fita. Yanzu darasi na biyu ya iso, kuma layin farko “torque wrench” ne.

Tsohon Bakanike: Sifana mai awo.

Malamin Nahawu: Sifana kuma? Ku ba ni zuwa gobe.