Bayas ɗin tsohuwar Sansui ya ƙi tsayawa: me kuka gani a naku aikin?

Habu, Gangare:
Assalamu alaikum. An kawo mini amfilifaya (na'urar ƙara sauti) Sansui AU-717, ƙirar 1977, wadda mai ita ya gada daga mahaifinsa. Gefen hagu na zafi ko ba a sa komai ba, na dama lafiya lau. In na ɗora mita don auna bayas, wato ƴar wutar da ke ratsa manyan transisto ko babu sauti, lambar sai hawa take yi. Wanda ya taɓa cin karo da haka, don Allah ya taimaka.

Oga Danladi, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, kada ka taɓa sukurun bayas tukuna. Duba gam ɗin da suka riƙe manyan kafasito da shi. Idan ya tsufa yakan koma baƙi-baƙi, ya ci ƙafafun rizisto da diyod ɗin da ke kusa. Ta ƙarshe da na buɗe, ƙafar wani rizisto ta yi kore shar, ina taɓa ta da tsinke ta karye. Na kankare gam ɗin, na sauya abin da ya ci, bayas ya zauna da kansa.

Baba Iliya, Rikkos:
Gaskiyar Danladi. Ni abin da ke damuna gaggawar yaranmu. A sanyin Disamba na nan Jos, ƙarfen da ke sanyaya transisto yakan daɗe bai ɗumama ba. Yaro ya kunna, ya saita nan take, mai kaya ya kai ta ɗaki mai ɗumi, ta yi ta zafi. Ni ina cire sifika, in mayar da sauti sifili, in aza murfi, in bar ta kamar rabin sa'a. Sannan in auna a kan rizisto na emita, wato wanda ke jone da ƙafar babban transisto da ake kira emita. Lissafin ba wuya: milibolt 10 a kan rizisto mai om 0.33 ya ba ka kusan miliamfa 30. Amma lambar da takardar gyaran na'urar ta ce, ita za ka bi. Ka kuma auna wutar DC a bakin sifika. In ya wuce milibolt 50, akwai wata matsalar.

Auwalu, Unguwar Rogo:
Baba, to wutar NEPA fa? A shagonmu takan faɗi ƙasa da bolt 200, maigidana ba ya yarda a saita sai an bi ta sitabilaiza.

Baba Iliya:
Maigidanka ya san aiki, ɗana. Ka riƙe shi.

Musa, Farin Gada:
Yallaɓai Habu, ka sauya ɗan sukurun kansa. A wasu na'urorin, in ya tsinke a ciki yayin juyawa, manyan transisto masu kai sauti ga sifika ƙonewa suke yi nan take. Kunnawar farko kuma ka jona kwan fitila mai wat 60 a layin wuta. In ya haska sosai bai dushe ba, kashe. Sai dai a cire kwan kafin saitin ƙarshe, don yana rage wuta.

Habu:
Na gode ƙwarai. Oga Danladi, na ga gam ɗin, har ya taɓa diyod biyu. Gobe in sha Allah zan shiga kasuwar Terminus neman sababbi.