Me za mu kira rifleksoloji a ranar awo?

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim: Salamu alaikum. Ina so in yi wa matan awo bayanin abin nan da ake kira rifleksoloji, amma kalmar ta ƙi zama a baki. Wasu wurare ake dannawa a tafin ƙafa ko tafin hannu don mai naƙuda ta samu sauƙi. Wani likita a Amurka, William Fitzgerald, shi ya kawo tsarin a 1913, ya kasa jiki shiyya 10. A shekarun 1930 wata ma'aikaciyar lafiya a can, Eunice Ingham, ta zana taswirar ƙafa: wai babban yatsa na kai ne, diddige na ƙugu. Ku taimaka min da suna.

Malamin makaranta, Gumel: Hajiya, ai tausa ce. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Ungozoma, Bichi: Malam, ka yi haƙuri, ba ka taɓa shiga ɗakin haihuwa a ƙauye ba. Ka ce wa tsohuwa "a yi mata tausa", wallahi cikin za ta nufa, ta hau dannawa wai tana taya yaro saukowa. Wannan kuwa shi muke hanawa kullum, don mahaifa na iya fashewa. Duk sunan da za a sa, dole ƙafa ta fito a ciki.

Malamin makaranta, Gumel: Na karɓi gyara, Inna. To "maganin ƙafa"?

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim: A'a, za a ɗauka na kaushi ne ko faso. Kuma kalmar magani ta yi nauyi. Taswirar nan ba a tabbatar da ita a kimiyyance ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018 shi ne tausa da ɗumama jiki ga mai naƙudar da ta buƙata, da barin wanda ta zaɓa ya zauna da ita.

Ɗalibar aikin ungozoma, Birnin Kudu: Anti, "tausar tafi" fa? Ta haɗa hannu da ƙafa.

Ungozoma, Bichi: 'Yata, tafi kuma sai ka ce gidan biki? Ku ce "tausar tafin ƙafa". Ta yi tsawo, amma ba wadda za ta ji ta kai hannu ciki.

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim: Shi ke nan, ita zan rubuta a allo. In hannu ake nufi, mu ce tausar tafin hannu. Zan kuma jaddada musu cewa in jini ya ɓalle ko naƙuda ta yi tsawo, a nemi mota a taho asibiti.