Wai ruwa ne ke kashe keke ko datti?

Mai Raleigh: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na tarar da yaron maƙwabcina ya kifa kekensa a tsakar gida yana ta sheƙa masa ruwa da Omo, wallahi abin ya tsaya min a rai. Ni abin da na taso na gani shi ne keke ba a wanke shi, gogewa ake. Raleigh ɗin da nake hawa na mahaifina ne, ɗan Nottingham na asali, tun da ya zo hannuna ban taɓa zuba masa ruwa ba. Tsumma biyu gare ni, ɗaya busasshe ɗaya mai ɗan maiƙo, kullum da safe sai na bi shi sifok bayan sifok kafin in fita. Ruwa ne ke kashe keke ba ƙura ba.

Ɗan Makaranta: Wa'alaikumus salam Baba. Da girmanka amma gaskiya a nan ban yarda ba. Unguwarmu in damina ta sauka caɓi ne tun daga ƙofar gida har bakin kwalta, in na dawo daga makaranta laka ta cika ƙasan madigadi har taya na gogarta, ita kuwa in ta bushe kamar siminti take zama, toh wane tsumma ne zai fitar da wannan? Na taɓa gwada gogewa a bushe, yashin ya kakkarce min fenti kamar na sa samfefa.

Mai Raleigh: Ɗana ai ba a barinta ta bushe. Tsinke ake sawa a sassaƙe ta tun tana ɗanya.

Ɗan Makaranta: Baba lakar da ta maƙale ai ita ma ruwa take riƙewa a jikin ƙarfen kwana da kwanaki, ta nan tsatsa take fara cin madigadi daga ciki. Gara in wanke in busar cikin minti 20.

Mai Gyaran Keke: Alhaji ka yi haƙuri in sa baki, tunda ni ake kawo wa su in sun lalace. Maganarka da gaskiya a ciki amma ba ruwan ne mai laifi ba, inda yake shiga ne. Keke yana da wurare da boris, wato ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, ke zaune cikin giris: hob, wato cibiyar taya, na gaba da na baya, tsakiya inda feda ke juyawa, wuyan keke, sai feda kanta da firiwil, wato haƙoran baya da sarƙa ke ja. Irin kekunanmu su Phoenix na China da Hero na Indiya babu wata robar kirki da ta rufe wuraren nan, ɗan murfin ƙarfe ne kawai. In ka kai wajen masu wankin mota suka saita masa wannan injin mai ƙarfi, ruwan shigewa yake ya kore giris ya zauna a ciki, kai kana ganin keke na walƙiya bayan sati biyu sai ka fara jin ƙurus-ƙurus, in na kwance sai in tarar da ƙwayoyin sun yi jawur, kwanon da suke gudu a ciki ya rarake. Shi ma kifa keken da yaron ya yi kuskure ne, ruwa gangarawa yake ya shige wuya. Amma bokiti ɗaya da soso, keke a tsaye, ka jiƙa lakar ta yi laushi ka ɗauraye a hankali daga sama zuwa ƙasa, wannan ba ya kashe keke ko kaɗan.

Mai Raleigh: To ka ga ai maganata ta fito. Yaran yanzu wa zai tsaya ya yi a hankali?

Mai Gyaran Keke: A'a Alhaji, naka fa yana da gidan cen, sarƙar a rufe take ruf shi ya sa tsumma ya ishe ka. Na yaran nan masu giya a buɗe komai yake.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambaya gare ni Malam. Ranar Asabar na wanke na yarana da Omo na shanya a rana, yanzu sarƙar ta yi ja tana ƙara, birkin kuma ba ya kamawa sosai bayan na ɗiɗɗiga mai. Hankalina bai kwanta ba don kan titi suke bi zuwa Islamiyya.

Mai Gyaran Keke: Hajiya kar su hau sai an gyara don Allah. Mai ne ya taɓa rim ko robar birkin. Ki goge rim ɗin da ruwan sabulu a tsumma mai tsabta, robar kuma a ɗan kankare fuskarta da samfefa, in ta sha mai da yawa a canza ta kawai ba tsada gare ta ba. Omo kuwa na tufafi ne, yana da kaifi, yana wanke maiƙon sarƙa tas ya bar ta tsirara kuma yana dusashe fenti in an saba. Sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan a bokiti ya fi. Kuma rana ba ta busar da cikin sarƙa da wuri, sai kin goge da tsumma kin juya feda sannan mai.

Direban Kurkura: Ni kam baƙin mai nake zuba wa na ƙanena, in an yi min juye sai in ɗiba a gora. Kyauta ne kuma sarƙa ta yi shiru.

Ɗan Makaranta: Oga shirun kwana nawa? Ni ma shi nake sawa da, amma da hunturu ƙura take bi ta manne ta zama baƙin kwaɓi, ga ɓata ƙafar wando.

Mai Gyaran Keke: Baƙin mai ai ya gama aikinsa a inji, akwai garin ƙarfe da gawayi a cikinsa, ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa yana cin sarƙar da haƙoran firiwil. Ku gwada da tef: sabuwar sarƙa gaɓa 12 cikakku, wato ta ciki da ta waje a ƙirga su ɗaya, inci 12 ne daidai, in ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci to ta gama, galibi ma ta ci haƙoran. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga sabon man inji ko man keken ɗinki kaɗan-kaɗan, a goge na wajen. Banda fetur, yana busar da roba ga hatsarin wuta a gida mai yara da murhu.

Direban Kurkura: Malam kananzir yanzu ya fi ƙarfin talaka fa, ni ban ga laifin baƙin mai ba, ya fi a bar ta a bushe.

Mai Gyaran Keke: Ya fi bushewa, wannan na yarda. Amma rabin gwangwanin tumatir na kananzir ya isa, in ka bar shi ya kwanta ma sai ka tsiyaye ka sake amfani da shi.

Mazaunin Legas: Baba ka zo nan bakin teku ka ga yadda iskar gishiri ke cin ƙarfe ko ba ka hau ba. Mu in ba mu ɗauraye da ruwa mai kyau mun shafa mai ba sifok ɗin wata nawa zai yi.

Mai Raleigh: Ku can daban ne, na ji. Amma ni a nan ba zan zuba wa nawa ruwa ba, sirdinsa ma na fata ne in ya jiƙe ya tashi aiki. Malam gobe in sha Allah zan turo maka yaron maƙwabcin nan ka duba masa wuyan keken kafin ya yi tsatsa.

Mai Gyaran Keke: Allah ya kai mu Alhaji, ya zo da safe kafin mutane su taru, ya taho da kuɗin giris.