Mun yanki Shek Sante, an sake karɓar kuɗi a ɗakin haihuwa: in kai ƙara?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Maiɗakina ta sauka ranar Talata, an samu mace. Tun cikin yana ƙarami muka yanki Shek Sante, katin lafiyar mata masu ciki a nan Kamaru, jaka shida, aka ce ya ɗauke awo, haihuwa, tiyata in ta kama, da kula da jariri har kwana 42. Daren haihuwa sai aka miƙo min takarda: safar hannu, ƙarin ruwa, allura, jaka 14, babu rasit. Ina so in kai ƙara wurin shugaban gundumar lafiya, amma can za a riƙa kai yarinyar rigakafi. Surukata ta ce in rufa wa ’yarta asiri. Wa ya taɓa kai ƙara, me ya biyo baya?

Mai Shayi: Allah ya raya. Da kun yanki shek da ko dala ba ku biya ba.

Ɗan Garwa: Malam, mun yanka fa, duba da kyau.

Maman Biyu: Kai ka gode Allah, da ’yarka ka dawo. Ƙanwata a ƙauyenmu wajen Marwa, shek ɗinta na hannu, naƙuda ta ƙi. Aka turo mu babban asibiti a kan babur, aka ce sai jini. Mijinta ya bayar, aka ce kuɗin gwaji da leda jaka 20. Kafin ya sayar da akuya ya dawo, ɗan ya koma. Har yau shek ɗin na cikin kwallarta, in ta gani sai kuka. Wa zan kai wa ƙara?

Baban Sadiya: Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ne. Amma Hajiya, jaka 20 ta yi yawa, mu 12 muka biya bara.

Mai Shayi: A Ngaundare 15 ne.

Nas: Ku ji ta bakinmu. Gwamnati ce ke biyan asibiti kuɗin shek daga baya. Inda nake aiki sai a yi watanni ba a biya ba, ɗakin magani ya bushe. Karɓar kuɗi ba rasit laifi ne, ban kare kowa ba. Ɗan Garwa, fara da kwamitin lafiya na unguwarku, COSA, aikinsu ke nan. In cin hanci ne, lambar CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci, 1517 ce.

Maman Biyu: Ɓarawo ne zai nuna mana hanyar gidan alƙali?

Nas: Hajiya, ban cancanci wannan ba. Da hasken wayata nake karɓar haihuwa in an ɗauke wuta.

Baban Sadiya: Maganar Nas abin ji ce, ita ke ciki. A 2023 ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da CSU, shirin kiwon lafiya ga kowa, da bakinsa, mu riƙe su da maganarsu. Ku haɗu mutum biyar ku sa hannu a takarda ɗaya, mutum ɗaya ake yi wa barazana.

Mai Shayi: Ni dai a faɗa min ranar suna, kar rago ya bi jaka 14.

Inna Rabi: Ku bar ta shek. Tun 2011 aka ce maganin zazzaɓin sauro kyauta ne ga yara ’yan ƙasa da shekara biyar. Damanar nan jikana ya kwanta, aka ce ya ƙare, ku je farmasi. Wa ya taɓa samu kyauta?

Baban Sadiya: Mun samu sau ɗaya, Inna, amma gwajin sai da muka biya.

Inna Rabi: Nawa? Mu an ce gwajin ma kyauta ne.