Mene ne ma'anar kalmar “prank”, kuma daga ina ta samo asali?

Tela daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum. Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya kira ni a waya yana haki, ya ce an sace babur ɗina da na bar masa a ƙofar gida. Na bar shaddar mutane a kan keke, ko shagon ban tsaya rufewa ba, na tari ɗan kabu-kabu, ina isa sai ga babur a jingine inda yake, yaron kuma ya saita ni da waya yana dariya yana cewa, “Yaya, prank ne.” Ina roƙon masana Turanci su bayyana mini ma'anar wannan kalma da asalinta, domin ban san da ita ba lokacin da muke makaranta.

Tsohon malamin Turanci, Argungu:

Wa alaikumus salam, Malam. A Turancin yau, kalmar tana nufin zolayar da ake yi wa mutum a aikace, ba da fatar baki kawai ba, wato a shirya masa wani abin da zai ruɗa shi ko ya ba shi kunya domin a yi dariya. Ba sabuwa ba ce, ta shiga rubutun Turanci tun farkon ƙarni na 16, sai dai a wancan zamani ta fi ta yanzu nauyi, domin ana kiran mugun aiki da makirci da ita. A wasan kwaikwayon Hamlet na marubucin Ingila Shakespeare, wanda aka rubuta wajen shekarar 1600, an yi amfani da ita wajen kwatanta ɗabi'un yarima Hamlet da suka wuce gona da iri har aka kasa jure su. Daga baya ne ta yi sauƙi ta koma wasa. Wasu masana suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar aikatau mai irin rubutunta, wadda ke nufin caɓa ado domin a gani, kuma mai dangantaka da “pronken” ta harshen mutanen Holan, ma'ana taƙama da nuna kai. Ni wannan bayani ya kwanta mini, ganin cewa mai yin abin a yau ba ya yi sai ya tanadi 'yan kallo, kamar yadda ƙanenka ya riga ya buɗe kyamara kafin ka iso.

Malama daga Gusau:

Na gode wa Baba Malam da wannan bayani. Abin da zan ƙara shi ne kada a fassara kalmar da “wasa” kai tsaye. Wasan Bahaushe yana da masu shi: tsakanin taubasai, tsakanin kaka da jika, tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa. Kakata takan ɓoye mini takalmi sai na saya mata goro, taubashina kuma yakan tare ni da maganar kuɗin shara a watan cika-ciki, kuma dukanmu mun san iyakar abin tun kafin a fara. Ƙane ba abokin wasan yayansa ba ne ta wannan fuska, balle ya sa shi a waya duniya ta gani. Abin da aka yi wa mai tambaya, a Hausa, tsokana ce haɗe da ƙarya.

Ɗalibi daga Jega:

Akwai hadisi a Sunan Abu Dawud da ya dace da nan. Wani sahabi ya yi barci a kan tafiya, wani ya ɗauke igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsoratar da Musulmi ba.

Tela daga Birnin Kebbi:

Allah ya saka muku da alheri. Na sa yaron ya goge bidiyon a gabana, na kuma karɓe makullin babur ɗin. Kuɗin kabu-kabu na zuwa da komawa ma shi zai biya.